Yadda ake sa kotu ta karɓi jingina kafin ta ɗage zartar da hukuncin sasanci na ƙasa da ƙasa

Ranar 28 ga Oktoban 2004 masu sasanci da suka zauna a Legas suka yanke cewa kamfanin NNPC ya biya kamfanin IPCO dala miliyan 152 da 'yan kai, haɗe da kuɗin ruwa kashi 14 cikin 100 duk shekara, saboda aikin tashar fitar da mai ta Bonny da ke kusa da Fatakwal. Sai ga shi ranar 1 ga Maris na 2017, bayan fiye da shekara 12, Kotun Ƙolin Birtaniya tana zaune a kan wannan rigimar, kuma ba ainihin bashin aka kawo mata ba. Abin da aka kawo mata shi ne ko za a tilasta wa NNPC ya ƙara ajiye dala miliyan 100 a matsayin jingina kafin a saurare shi.

Kada ka ce wannan shari'ar manya ce, ba ruwanka. Duk wanda ke loda riɗi ko citta ko zoɓo daga Dawanau zuwa ƙetare, ya duba bayan kwangilarsa. Sau da yawa akwai layi ɗaya da ya ce in rigima ta tashi za a warware ta ta hanyar sasanci a Landan, musamman kwangilolin riɗi da ake rubutawa bisa ƙa'idojin FOSFA, ƙungiyar 'yan kasuwar mai da tsabar da ake tatsar mai daga gare ta. Wannan sasancin kuwa ba irin sulhun dattawan kasuwa ba ne da kowa zai yi haƙuri ya bar wani abu. Hukunci ne mai ɗaure mutum. Sai dai masu sasanci ba su da ɗan sanda, ba su da ma'aikacin kotu mai ƙwace kaya. In wanda ka kayar ya ƙi biya, dole ka ɗauki takardarka ka kai kotun ƙasar da dukiyarsa take. Shi kuma abin da zai fara nema a wurin shi ne lokaci. Jingina ita ce kuɗin da ake sa wa wannan lokacin.

Ga yadda ake bin ta, da farko ta ɓangaren mai bin bashi, daga baya kuma ta ɓangaren wanda ake bi.

Mataki na farko: rarrabe kotunan biyu

Kowane hukuncin sasanci yana da mazauni, wato ƙasar da doka ta ɗauka a can aka yi shi, ko da kuwa ta intanet aka yi zaman. Kotun mazaunin ce kaɗai ke da ikon soke hukuncin. Kotun ƙasar da ka kai shi don a zartar ba ta iya soke shi. Iyakarta ta yarda ta zartar, ko ta ƙi, ko ta ɗage. A shari'ar IPCO mazaunin Legas ne, shi ya sa NNPC ya garzaya Babbar Kotun Tarayya neman a soke, IPCO kuma ya nufi Landan neman a zartar.

Abin da ya haɗa kotunan biyu shi ne Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Nijar ta shiga a 1964, Gana a 1968, Najeriya a 1970, Kamaru a 1988, Sudan a 2018. Sashe na 6 na yarjejeniyar ne gidan maganarmu. Ya ce idan an riga an shigar da ƙarar soke hukunci ko dakatar da shi a kotun mazauni, kotun da ake neman zartarwa a gabanta tana iya ɗage yanke shawara in ta ga ya dace, kuma tana iya umartar ɗaya ɓangaren ya ba da jingina da ta dace in mai neman zartarwa ya roƙa. Lura da ƙarshen nan: sai ka roƙa. Alƙali ba zai tuna maka ba.

Ingila ta kwafo wannan a sashe na 103(5) na dokar sasancinta ta 1996. A Najeriya kuma yana cikin Dokar Sasanci da Shiga Tsakani ta 2023, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Hukuncin da ya fito daga cibiyar ICSID, mai sasanta masu zuba jari da gwamnatoci, hanyarsa daban ce, kada ka haɗa shi da wannan. Haka nan wanda mazauninsa ke Yamai ko Dawala, sai ya fara duba dokar sasanci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sabunta a 2017.

Mataki na biyu: gano inda dukiyar take kafin ya ji motsinka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana cikin sasanci ya kamata ka riƙa tara bayanin abokin shari'arka: bankunan da ya taɓa turo maka kuɗi ta cikinsu, sunayen kamfanonin da ke kan takardun jigilar kaya, rumbunan ajiyarsa, masu sayen kayansa da yake bi kuɗi, rahoton kuɗinsa na shekara in yana ƙasar da ake wallafawa. A Birtaniya, alal misali, kowa na iya buɗe rajistar kamfanoni ta intanet kyauta ya ga daraktoci da bashin da aka ɗora a kan kadarorin kamfani. Sauke kwafi ka rubuta kwanan wata. Bayan wata shida ka sake saukewa. Bambancin da ke tsakanin kwafin biyu shi ne hujjar da za ta yi maka aiki a mataki na biyar.

Inda dukiya take ne ke zaɓa maka kotu, kuma kotunan ba halinsu ɗaya ba. A Faransa, tun gyaran dokar 2011, ƙalubalantar hukunci ba ya tsayar da zartarwa da kansa, kuma kotunan can suna iya zartar da hukuncin da aka riga aka soke a mazauninsa. Kowa ya tuna watan Agustan 2024, lokacin da kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin ya sa kotun Paris ta riƙe jiragen fadar shugaban Najeriya uku saboda hukuncin kimanin dala miliyan 70 da ya samo asali daga yankin ciniki na jihar Ogun. In gwamnati kake bi, ka sani cewa a Ingila dukiyar da take amfani da ita wajen kasuwanci ce kawai ake iya taɓawa, ta babban bankinta kuwa tana da kariya ta musamman. A Najeriya kuma, kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar ake kama shi, bisa sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotuna.

Mataki na uku: takardu da wa'adi

Wannan ba shi da tsawo. Asalin hukuncin ko kwafin da aka tabbatar, asalin yarjejeniyar sasancin ko kwafin da aka tabbatar, sai fassarar da mai fassara na hukuma ya yi in harshen ya bambanta da na kotun. Tabbatar kuma babu wata ƙofar ɗaukaka ƙara ta cikin ƙungiyar da ta shirya sasancin da ta rage a buɗe. Wa'adin kai hukunci kotu shekara 6 ne a Ingila, 3 a Amurka, 2 a Sin. A Najeriya an daɗe ana ƙonewa da hukuncin Kotun Ƙoli na 1997 a shari'ar City Engineering, wanda ya sa ake fara ƙirga daga ranar da rigimar ta taso, amma dokar 2023 ta cire tsawon lokacin da aka ɓata a zaman sasanci daga cikin lissafin.

Mataki na huɗu: shigar da buƙatarka, sannan ka kasa kunne ka ji abin da ya roƙa

A Ingila ana fara neman umarnin zartarwa ne ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba. In alƙali ya bayar, sai a kai wa wanda ake bi, yana da kwana 14 ya nemi a janye, ko fiye da haka in a ƙasar waje aka kai masa. A Najeriya Babbar Kotun Tarayya ko ta jiha ko ta Abuja ake zuwa. To, amsar da zai bayar ce ke nuna ko kana da hanyar jingina ko ba ka da ita, domin amsar iri biyu ce, kuma lauyoyi da dama sun yi asarar shekaru saboda sun cakuɗa su.

Amsa ta farko: “Ya mai shari'a, ka jira. Na kai ƙara kotun mazauni, kada ka yanke komai sai ta gama.” Wannan neman alfarma ne. Nan take lauyanka zai miƙe ya ce ba mu yarda a ɗage ba, in kuwa kotu ta ga dole a ɗage, to a sa masa jingina. Roƙon biyu a takarda ɗaya ake haɗa su, ɗaya a bayan ɗaya.

Amsa ta biyu: “Ya mai shari'a, ban nemi jira ba. Ka saurare ni yanzu, hukuncin nan bai cancanci zartarwa ba.” Sai ya kawo ɗaya daga cikin dalilan sashe na 5 na yarjejeniyar: ba a sanar da shi zaman ba, ko masu sasanci sun wuce gona da iri, ko babu ingantacciyar yarjejeniya tun asali, ko an samu hukuncin ta hanyar zamba. Wannan haƙƙinsa ne, kuma ba a sayar wa mutum haƙƙinsa. A nan babu jingina.

Yadda shari'ar IPCO ta gudana ya isa darasi. A watan Afrilun 2005 Mai shari'a Gross ya yarda ya ɗage saboda ƙarar da ke Legas, bisa sharaɗin NNPC ya biya kimanin dala miliyan 13 da babu gardama a kansu, ya kuma ajiye jinginar dala miliyan 50. A 2008, da aka ga shari'ar Legas ta tsaya cik, Mai shari'a Tomlinson ya ce a zartar da wani ɓangare na hukuncin. NNPC ya nemi a dakatar har ya ɗaukaka ƙara, aka ƙara masa miliyan 30, jimla 80. Daga nan sai NNPC ya fito da sabuwar magana, cewa IPCO ya yi amfani da takardun bogi a gaban masu sasanci. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta gaji da jira, ta ce a saurari zargin zambar a Landan kawai, amma sai NNPC ya ƙara ajiye miliyan 100, in ya kasa a bar IPCO ya zartar. Nan Kotun Ƙoli, ta bakin Lord Mance, ta ce an yi kuskure. Tunda kotun Ingila ce da kanta za ta yanke maganar, ai an daina jiran wata kotu, babu ɗagewa irin wadda sashe na 103(5) ke nufi, saboda haka babu hurumin sa jingina. Aka soke miliyan 100 ɗin, miliyan 80 na baya suka ci gaba da zama. Shi dai Mance ɗin ya riga ya faɗi makamancin haka tun 2002 a shari'ar Dardana da kamfanin Yukos, inda aka cire jinginar da aka ɗora wa ɓangaren da bai nemi a ɗage ba.

A ganina wannan hukuncin daidai ne, duk da cewa yana yi wa mai bin bashi ciwo. Da a ce sai mai kuɗi ne zai iya cewa an yi masa zamba, da ƙaramin ɗan kasuwar da aka yanke wa hukunci a bayan idonsa ya shiga uku. Abin da za ka ɗauka a aikace shi ne: kada kai da bakinka ka nemi a ɗage, kuma kada ka amince da ɗagewa a baki. Bar shi ya roƙa, a rubuta cewa shi ya roƙa.

In amsa ta biyu ya bayar alhali kana ganin yana kwashe kaya, akwai wata ƙofar. Nemi umarnin daskarar da dukiya, wanda lauyoyi ke kira Mareva, tare da umarnin ya bayyana kadarorinsa bisa rantsuwa. Kotunan Najeriya ma suna bayarwa. Sai dai daskararwa hana shi ɓatar da dukiya kawai take yi, ba ta ware maka komai a gefe kamar jingina.

Mataki na biyar: cika sikelin alƙali

Ma'aunin da kotunan Ingila ke bi, wanda wasu ƙasashe masu irin tsarinsu ke aro, ya fito ne daga shari'ar Soleh Boneh da gwamnatin Yuganda ta 1993. Abu biyu ake aunawa.

Na ɗaya, ƙarfin ƙarar da ya kai mazauni. Alƙali ba zai sake shari'ar ba, leƙawa kawai zai yi. In a fili yake hukuncin ruɓaɓɓe ne, za a ɗage ba tare da jingina ba. In a fili yake hukuncin lafiyayye ne, ko dai a zartar nan take ko a sa jingina mai nauyi. Yawancin shari'u a tsakiya suke faɗuwa, jinginar kuma tana hawa tana sauka gwargwadon inda suka faɗi. Don haka kana buƙatar lauyan ƙasar mazauni ya rubuta ra'ayi a taƙaice: me dokar can ta ce, an shigar da ƙarar cikin wa'adi ko an makara, kuma ya taɓa ɗaga wannan ƙorafin a gaban masu sasanci ko yanzu ya tuna da shi? Wa'adin ƙalubale kwana 28 ne a Ingila, wata 3 a Najeriya. Wanda ya yi shiru har aka gama zama, sai da ya sha kaye ya ce masu sasanci ba su da hurumi, alƙali ya san irinsa.

Na biyu, ko jiran zai ƙara wahalar karɓar kuɗin. Nan ne masu bin bashi suka fi yin sakaci. Suna zuwa da zafin rai suna cewa mutumin nan macuci ne, alƙali kuwa takarda yake so. Nuna masa cewa a watan Janairu kamfanin yana da rumbu biyu da sunansa, a watan Yuli an mayar da ɗaya sunan wani sabon kamfani mai daraktoci iri ɗaya. Nuna masa sabon bashin banki da aka ɗora a kan kadarorin bayan fitowar hukunci. Nuna cewa ya daina shigar da rahoton shekara. Akwai tarko a nan da ya kamata ka sani: in ka ce ba shi da komai a ƙasar tun asali, lauyansa zai ce to jira bai rage ka da komai ba. Abin da ake so ka nuna shi ne yau akwai, gobe ba lallai ba.

A shari'ar IPCO ta 2005 Mai shari'a Gross ya ƙara da tambayar ko da gaske aka shigar da ƙarar mazauni ko jan ƙafa ne, da kuma tsawon jiran da za a yi. Saboda haka ka kawo tarihin ƙarar dalla-dalla daga rajistar kotu: ranar shigarwa, sau nawa aka ɗage, wa ya nemi kowace ɗagewa. Jadawali mai shafi ɗaya da ya nuna zama bakwai, biyar a ciki lauyansa ne bai zo ba, ya fi doguwar takardar rantsuwa mai cike da zargi. Kotunan Amurka ma irin waɗannan tambayoyin suke yi tun shari'ar Europcar ta 1998.

Mataki na shida: faɗi adadi, ka nuna lissafinsa

Kada ka ce kotu ta sa abin da ta ga dama. A ce hukuncinka dala 800,000 ne kan kwantenonin riɗi, da ruwa kashi 8 cikin 100. A cikin ƙarar da mai sayen ya kai mazauni, dala 500,000 na diyyar jinkiri yake ƙalubalanta, bai ce uffan ba kan 300,000 na kuɗin kayan da ya karɓa ya sayar. To roƙonka kashi biyu ne. A biya 300,000 yanzu, tunda ko ya ci shari'arsa suna nan a kansa. Sauran 500,000 a sa musu jingina, haɗe da ruwan shekara biyun da lauyan can ya ce shari'ar za ta ɗauka, wato 80,000. Alƙali na iya rage abin da ka nema, kuma sau da yawa yakan rage. A IPCO miliyan 50 aka sa a farko kan hukuncin miliyan 152. Amma wanda ya zo da lissafi daga lissafinsa ake ragewa.

Dage kan a yi jinginar da kuɗin da aka yanke hukuncin da shi. Wanda ya karɓi jinginar naira kan bashin dala a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Kashi biyu cikin uku na abin da ya riƙe ya narke yana kallo.

Mataki na bakwai: wace irin jingina, kuma me za a rubuta

Ko a zuba kuɗi a asusun kotu, ko a kawo takardar lamunin banki, wadda 'yan kasuwa ke kira garanti. Ta biyun aka fi yi, don ba ta ɗaure wa mutum jari gaba ɗaya. In an kawo maka gida ko fili ko hannun jarin wani kamfaninsa, ka ƙi, don sayar da su wata shari'ar ce. Haka lamunin uwar kamfani, sai in ka tabbatar ita ɗin tana da abin da za a kama.

Karanta takardar lamunin da kanka, layi-layi. Bankin ya kasance babba ne mai reshe a ƙasar kotun. A rubuta cewa zai biya da zarar an nuna masa umarnin kotu, ba sai ya tuntuɓi mai asusun ba. A rubuta cewa ba a janye ta. Babban abin dubawa shi ne ranar ƙarewa. Bankuna sun fi son shekara ɗaya, shari'a kuwa ba ta san kalanda ba. Ko dai ta zauna har sai kotu ta sallame ta, ko a rubuta cewa in saura kwana 30 ta ƙare ba a sabunta ba, kana da ikon karɓar kuɗin a zuba a asusun kotu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Shi kansa umarnin kotun ya faɗi ranar da za a kawo jinginar, da abin da zai faru in ba a kawo ba, wato ɗagewar ta faɗi a ci gaba da maganar zartarwa. Ya ɗora masa alƙawarin bin ƙararsa ta mazauni ba tare da wasa ba, da kawo rahoto duk bayan 'yan watanni. Ya kuma bar maka ƙofar dawowa in al'amura sun canja. Ta wannan ƙofar IPCO ya koma a 2008, ya sake komawa a 2012.

In kai ake bi

Bashi hanji ne, wata rana kai ne a ɗaya kujerar. Fara da tambayar kanka ko kana buƙatar ɗagewar ma. In hujjarka mai ƙarfi ce kuma tana cikin dalilan sashe na 5, kana iya tsayawa ka kare kanka a kotun zartarwa ba tare da ka ajiye ko sisi ba. In kuwa hujjar ta dokar mazauni ce zalla, wadda kotun can kaɗai za ta iya ji, to nemi ɗagewa, amma shigar da ƙarar mazaunin tukuna, cikin wa'adi. Niyyar shigarwa ba ta buɗe sashe na 6.

Je da tayinka a hannu. Wanda ya ce zai biya abin da babu gardama a kai, ya kawo lamuni kan wani kaso, ya fi samun sassauci a kan wanda ya ce ba zai ba da komai ba. Yi magana da bankinka tun kafin zama, domin zai nemi ka ajiye kuɗi ko kadara a madadin lamunin, zai kuma riƙa cajin kaso duk shekara, ga neman kuɗin waje in kana Najeriya. In adadin da ake nema zai durƙusar da kai har ka kasa bin shari'ar, faɗa, amma da bayanan asusu, har da dalilin da ya sa masu kamfanin ba za su iya tallafawa ba. Kuma kada ka taɓa dukiyarka a wannan tsakanin ta hanyar da ba ta saba ba. Mota ɗaya da ka mayar sunan ƙaninka za ta bayyana a takardar rantsuwar abokin shari'arka.

Wasu jinginar da ake rikita su da wannan

In Landan ce mazaunin kuma a can ka je ƙalubalantar hukunci, lissafin ya juya, don yanzu kai ne mai kai hari. Sashe na 70(6) na dokar 1996 ya ba kotu ikon sa ka ajiye kuɗin shari'ar abokin hamayyarka, 70(7) kuma ya ba ta ikon sa ka ajiye kuɗin hukuncin kansa, in ka kasa a kori ƙararka. Na farkon ana samunsa da sauƙi in ba ka da kadarar da za a kama nan kusa, ko da yake doka ta hana a sa maka shi don kawai kai baƙo ne. Na biyun yana da wuya, sai an nuna ƙalubalen naka zai rage damar karɓar kuɗin. Akasin haka, wato wanda ake bi ya nemi mai bin bashi ya ajiye masa kuɗin shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi shi a shari'ar Gater da Naftogaz ta 2007.

Akwai kuma jinginar dakatarwa har a ɗaukaka ƙara, kuma ita ce 'yan Najeriya suka fi sani. Kamfanin P&ID ya samu hukuncin dala biliyan 6.6 a kan Najeriya a Janairun 2017 kan kwangilar iskar gas ta Kalaba da aka sa wa hannu a 2010. A Agustan 2019 Mai shari'a Butcher ya ba shi izinin zartarwa, a Satumba kuma ya yarda ya dakatar bisa sharaɗin Najeriya ta ajiye dala miliyan 200 cikin kwana 60. Da lamunin banki aka cika sharaɗin.

Mataki na ƙarshe: karɓo ta

Jingina ba ta sakin kanta. In kai ne mai bin bashi kuma kotun mazauni ta kori ƙararsa, ɗauki kwafin hukuncinta da aka tabbatar, da fassara in ana buƙata, ka koma kotun zartarwa ka nemi umarni biyu a zama ɗaya: a zartar, a kuma sakar maka jinginar. Yi sauri, don zai ɗaukaka ƙara a can ya dawo neman sabuwar ɗagewa, kuma a lokacin kana da damar cewa sikelin ya karkata, a ƙara adadin. Wasiƙar da za ka aika wa banki ta bi kalmomin takardar lamunin sak, ta isa reshen da aka ambata kafin ranar ƙarewa.

In kai ne ka ajiye, kada ka jira ƙarshen shari'a matuƙar dalilin da ya sa aka ɗora maka ita ya kau. A farkon Satumban 2020 Mai shari'a Sir Ross Cranston ya ba Najeriya ƙarin lokaci ta ƙalubalanci hukuncin P&ID, bayan ya ga akwai ƙwaƙƙwarar alamar zamba. Kafin watan ya fita lauyoyinta sun samo umarnin sakin lamunin dala miliyan 200, shekara uku cur kafin Mai shari'a Knowles ya yanke, ranar 23 ga Oktoban 2023, cewa da zamba aka samu hukuncin, wanda ruwa ya riga ya kai shi sama da dala biliyan 11. Da umarnin sakin ya fito, karɓo asalin takardar lamunin ka mayar wa bankinka hannu da hannu, ka karɓi rubutacciyar shaidar cewa sun rufe ta, domin har sai sun rufe suna ci gaba da cire kasonsu.